Man Fatsa Da Ya Ɓata Mini Littafin Ƙungiya



Waɗanda suka halarci taronmu na watan Afrilun bara za su tuna lokacin da na miƙe zan karanta sunayen waɗanda suka biya kuɗin asusun taimako, na kai tsakiya na tsaya ina ta juya littafi kamar almajirin da bai yi tilawa ba. A ranar na ce littafin ya samu matsala, na roƙi a ɗage maganar zuwa zama na gaba. Ban faɗi irin matsalar ba saboda kunya. Na kusa da tebur sun ji ƙarnin da ke tashi sun gane, na nesa kuma sun koma gida da zato iri-iri, kuma ban ga laifinsu ba, kuɗin jama'a ne. Yanzu da ƙura ta lafa zan faɗi abin da ya faru da abin da na gano daga baya, domin na san ba ni kaɗai ne mai zuwa fatsa a Limawa ba. Samarinmu da dama sun shigo harkar, kuma ina ganin irin kwalaben da suke cusawa a aljihu.

Ni dai tun ina yaro nake fatsa. Da damina mukan samu kara da zare da ƙugiya ɗaya, mu tono tana a gindin magudanar ruwa, mu bi rafukan bayan gari. Da na girma na samu babur sai na koma zuwa Shiroro, in bi ta Maitumbi in wuce Gwada, in yini a bakin ruwa wajen Zumba. Tun da aka buɗe wannan madatsar a 1990 a kan kogin Kaduna masunta suka taru a wurin daga ko'ina, Sarkawa da Kabawa da Nufawa, kuma a wajensu na fara sanin sunayen kifaye da halinsu. Kowa ya san abin da rashin tsaro ya yi wa wannan yanki, ba sai na tsaya bayani ba. Shekaru ke nan ban taka can ba. Yanzu iyakata dam ɗin Tagwai ta ɓangaren Chanchaga, ranar Asabar in babu ɗaurin aure ko jana'iza.

Duk waɗannan shekarun tana da ƙananan kifi nake sa wa ƙugiya, wani lokaci hanjin kaza. Sai wani ɗan yayana da ke aiki a Legas ya zo hutun Sallah, ya kawo mini tsaraba: ƙunshin kifin roba masu laushi, wasu kamar tana wasu kamar 'ya'yan karfasa, da wata 'yar kwalba ta wani mai ruwan ɗorawa. Ya ce, "Kawu, wannan ake ɗiga wa robar kafin a jefa, ƙamshinsa ne ke janyo kifi." Na buɗe na sunsuna, tafarnuwa ce da ƙarnin kifi da wani ƙamshi kamar na alewa.

Ranar da na fara gwadawa na kama tsage guda biyu, abin da na daɗe ban kama ba. Daga nan na yarda da man nan fiye da kima. Da kwalbar ta ƙare sai na ce ai ba gagara zai yi ba. Na je wajen masu gyaran tarwaɗar gona na karɓo kitsen cikinta da suke zubarwa, na soya shi ya narke, na tace, na ƙara manja da dakakkiyar tafarnuwa, na ɗura a kwalbar maganin tari.

Wanda bai taɓa riƙe irin wannan mai ba ba zai gane halinsa ba. Ɗigo uku kake so, goma za su zubo. Daga robar ya hau yatsa, daga yatsa ya hau zare, daga zare ya hau sanda, kafin ka ankara wayarka ta yi maiƙo, maƙullin babur ya yi maiƙo, hular da ka gyara ta ɗauka. Ka wanke hannu da sabulu sau uku, ka zauna cin tuwo ka ji miyar kuka tana ƙarnin tarwaɗa. Uwargida ta ware mini bokiti ɗaya da igiyar shanya ɗaya a bayan ɗaki, ta ce kayan fatsata kada su sake haɗuwa da na yara. Wata Asabar na dawo a makare na shiga sahun Magariba ban sauya riga ba, na ga na kusa da ni yana ta gyara tsayuwa yana kau da fuska. Duk da haka ban daddara ba, ina ganin ai wanda ke son kifi dole ya jure ƙarni.

Ranar da abin ya faru, da safe na je gidan ma'aji na miƙa masa kuɗin da na tara na wata uku, ya ƙirga, ya rubuta jimla a nasa littafin, ni kuma na mayar da nawa cikin jaka. Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, ma'aji jimla kawai yake rubutawa. Sunan kowane mutum da abin da ya biya da ranar da ya biya, a littafina suke. Ina fitowa abokin fatsata ya kira ya ce yana jirana a Mobil. Na biya gida a gurguje na ɗauki sanda, na jefa kwalbar man a aljihun gefe na jakar nan, na ɗaure a bayan babur. Jakar ta yini a rana tun daga azahar har faɗuwar rana, cikin zafin Afrilu na Minna da kuka sani, wanda yakan kusa kai digiri 40.

Sai da dare na buɗe jakar zan shirya takardun taron gobe. Kwalbar tana nan da murfinta, amma rabin man babu. Ya bi ta ɗinkin aljihu ya yi naso, ya shiga littafin ta ƙasa. Takarda in ta sha mai takan koma shara-shara, ana hango bayanta ta gabanta. To haka warƙa uku suka zama, shafi shida ke nan, daga Janairu zuwa Maris. Rubutun gaba ya hau kan na baya, tawadar biro ta baje, manja ya rina komai ja. Kana ganin akwai suna, kana ganin akwai lamba, amma ba za ka rantse ko 500 ba ce ko 1,500. Na barbaɗa hoda, na sa tsohuwar jarida na bi da dutsen guga, man ya ɗan ragu, rubutun bai dawo ba. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba.

Mako biyu na yi ina bin mutane ɗaya bayan ɗaya, wasu a waya wasu a gida, ina tambayar nawa suka biya. Waɗanda suka turo ta banki sun nuna mini shaida a wayarsu, Allah ya saka musu da alheri. Waɗanda suka ba ni a hannu sai abin da suka tuna. Da na haɗa duka, abin da mutane suka ce sun biya ya ɗara abin da ke hannun ma'aji da naira 7,500. Ko wani ne ya manta, ko wata biyu suka rikice masa, ko ni ne na yi kuskure tun farko, babu hanyar ganewa, kuma ba ni da bakin ƙaryata kowa tunda ni na ɓata shaidar. Shugaba ya ce a raba asarar, na ce a'a, na cika daga aljihuna.

Kuɗin ba su dame ni ba kamar abu biyu. Na farko, akwai baiwar Allah da mijinta ya rasu, wadda aka riga aka amince za a kai mata tallafi a wannan zaman, sai da ta ƙara mako uku tana jira saboda ba a rufe lissafi ba. Na biyu, wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce mini a gaban jama'a, cikin taushin murya, "Sakatare, in aikin ya yi maka yawa ka faɗa, ba abin kunya ba ne." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na yi kusan wata biyu ban je ruwa ba. Da na koma, sai na tarar da wani tsoho da muka saba gaisawa a bakin Tagwai, Basarke ne mutumin wajen Yawuri, yana zaune a inuwa yana gyaran mamari, wato doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa da ake shimfiɗawa a ruwa a kwana. Na durƙusa muka gaisa.

Ya ce, "Malam, kwana biyu. Ko ruwan ne ya yi maka rowa ka yi fushi?"

Na ba shi labari tun daga farko. Bai yi dariya ba, sai ya ce in miƙo masa kwalbar. Ya buɗe ya sunsuna, ya ce, "Wannan ai miya ka haɗa, saura gishiri." Sannan ya taso muka je bakin ruwa inda yake kwance babu igiya. Ya ɗiga man sau biyu. Nan take ya baje a saman ruwa yana ƙyalli, iska ta fara tura shi gefe.

Ya ce, "Ina man ya tafi?"

Na ce, "Ga shi nan a sama, Baba."

Ya ce, "To tarwaɗar da kake nema, a sama take ko a ƙasa?"

Na yi shiru. Ya koma wajen kayansa ya buɗe wata 'yar ƙwarya, ya gutsuro wani abu mai launin ƙasa kamar ƙuli-ƙuli, ya jefa a wurin da ake iya ganin ƙasan ruwa. Abin ya nutse ya zauna a kan yashi, a hankali wani ɗan hazo ya fara fita daga jikinsa yana bin ƙasa. Ba mu daɗe a tsaye ba sai ga ƙananan kifaye sun taru suna tsattsagarsa.

Abin da ke cikin ƙwaryar ba wani asiri ba ne. Dusa ce ake dafawa ta yi kauri, a daka ƙuli-ƙuli da daddawa a zuba, a mulmula, a ajiye kusa da wuta ta sha iska har ta yi tauri. Irinta suke sa wa gura, tarkon nan na saƙa da ake nutsarwa a ruwa. Mamari kuma yakan sa masa gutsuren kifi ko tana, wani lokaci har yankan sabulu, don tarwaɗa tana cinsa. Na lura hannunsa babu maiƙo ko kaɗan, rigarsa tsohuwa ce amma babu tabon mai. Ƙwaryar kuma ba ta shiga buhun da yake sa tufafi da abincinsa, rataye take a reshe, in zai shiga kwalekwale ya ajiye ta can ƙarshe. Ya ce shi tun tasowarsa bai taɓa ganin an haɗa kayan ruwa da kayan gida a mazubi ɗaya ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ni da nake taƙama da difloma sai ga ni ina ɗaukar darasi a gindin bishiya.

Da na dawo gida na shiga karance-karance a waya, sai na ga maganar tsohon nan ita ce dai masana suke faɗa da dogon Turanci. Hancin kifi ba na numfashi ba ne, na jin ƙamshi ne kawai: ruwa yana shiga ta wata kafa ya fita ta wata, abin da ya narke a cikin ruwan shi kifi yake ji. Tarwaɗa ta yi fice a wannan fanni. Idanunta ƙanana ne, ta fi kiwo da dare ko cikin ruwa mai laka, gashin bakinta guda takwas cike yake da abin ɗanɗano, har fatar jikinta tana ɗanɗana ruwa. Abin da take bi shi ne ruwan jikin nama, na tana ko na kifi ko na wani abu da ya fara ruɓewa, wanda yake narkewa ya bazu. Shi kuwa mai kowa ya san ba ya haɗuwa da ruwa. Yawancin abin da nake ɗigawa, da zarar roba ta taɓa ruwa yake rabuwa da ita ya taso sama. Ashe kashi mafi yawa na man da na yi shekara biyu ina fama da shi, rigata da jakata ne suka sha, ba kifi ba.

Tsage biyun da na kama ranar farko fa? Tsage da giwan ruwa mafarauta ne, ido da motsi suke bi. Robar da ke wutsil-wutsil kamar ƙaramin kifi ita ta jawo su. Da ban ɗiga komai ba ma mai yiwuwa da sun kama.

Ba wai man ba shi da amfani sam ba. Yana rufe warin hannunmu, na fetur da taba da man shafawa, kuma yana iya riƙe garin abin da kifi ke so a jikin roba ya daɗe bai wanke ba. A Amurka, inda fatsa da kifin roba ta zama babbar kasuwa, kamfanonin da ke yin waɗannan kaya su ma sun san da matsalar zuba da maiƙo, shi ya sa ban da na ruwa suke yin mai kauri kamar man goge baki, da wani mai tauri da ake murzowa kamar jan baki, da wanda aka haɗa da ruwa don ya narke. Da na ga haka sai na ce to ashe abin da nake buƙata shi ne man da ba ya gudu, wanda zai riƙe gari, kuma in shafa shi ba tare da yatsana ya taɓa ba.

Na fara da basilin, na kwaɓa shi da man kifi. Ya rage zuba, amma raina bai kwanta ba, don basilin daga man fetur ake samunsa, ruwan Tagwai kuwa shi ake tacewa a Chanchaga a turo mana a famfo. Na bar shi.

Sai na tuna da man kaɗe, wanda Allah ya hore wa Jihar Neja, ga shi nan a Kasuwar Gwari ba tsada. Na narkar da shi na haɗa da man kifi na zuba a gwangwani, da safe ya daskare gwanin sha'awa. Na tafi ruwa ina murna. Kafin azahar ya koma ruwa tsululu, domin man kaɗe ɗumin jikin mutum ma yana narkar da shi, balle ranar Minna. Allah ya taimake ni a leda biyu na ƙulle gwangwanin.

Mai sayar da zuma ne ya ba ni shawarar kaki. Kakin zuma sai zafi ya haura digiri 60 yake narkewa, kuma masu tatsar zuma da yawa zubar da saƙar suke yi bayan sun matse. Na karɓo, na tafasa a ruwa, na tace da tsumma, ya taso sama ya daskare. A karon farko na yi rabi da rabi, kaki da man kaɗe. Abin ya fito kamar kyandir, ko a rana ka ajiye ba ya motsi, ba ya ɓata komai. Asabar uku a jere ina shafa shi, ko taɓa ƙugiyata ba a yi ba. Na kai wa tsohon nan ya duba, ya kankara da farce, ya jefa a ruwa, abin ya yi ta yawo a sama kamar toto. A nan ne ya yi dariyar da bai yi ba ranar farko. Ya ce, "Da ka zuba wa kifi miya a sama, yanzu kuma ka kulle masa ita a akwati." Kakin ya toshe komai, ruwa ba ya samun hanyar shiga ya ɗebo ƙamshin.

Na yi ta ragewa ina ƙarawa har na tsaya a kan wanda nake amfani da shi yanzu. Cokali huɗu na man kaɗe, cokali ɗaya na kaki, cokali ɗaya na man kifi. Ina zuba su a gwangwanin madara, in sa gwangwanin cikin tukunya mai ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, don in man kifi ya ƙone gidan gaba ɗaya sai ya ɗauka, kuma ranar za ka ji daga bakin uwargida. In sun narke sai in sauke, in jira ya fara yin fari-fari a gefe. A lokacin nake zuba cokali biyu na garin busasshen kifi da daddawa, da rabin cokali na garin ƙaro, in yi ta juyawa har ya yi kauri. In ka zuba garin tun man yana da zafi, duk zai kwanta a ƙasa, sama ta zama mai zalla. Garin nan shi ne ainihin abin da kifi zai ji, man da kakin riƙo ne kawai aikinsu. Ƙaron kuma yana jiƙa a hankali, yana buɗe wa ruwa hanya. Daddawar sai an shanya ta ta bushe ƙarau kafin a daka, a kuma tankaɗe da rariya mai laushi, in da sauran danshi cikin mako guda za ta yi fumfuna.

Mazubin shi ne abin da ya fi faranta mini rai. Sirinji nake saya sabo a kemis, babba, in cire allurar in ba su abarsu, in yanke bakinsa da reza ya zama a buɗe, in ja sandar baya, in ɗura haɗin tun bai gama daskarewa ba. In ya huce, da ka tura sandar kaɗan sai ya leƙo, ka goga a jikin robar ko a kan gutsuren kifin da ke ƙugiya, ka ja shi ya koma ciki, ka rufe bakin da 'yar leda ka ɗaure da roba. Hannu ba ya taɓawa. Don Allah kada wani ya je ya tsinto sirinjin da aka yi wa mara lafiya allura da shi, sabo bai kai kuɗin lemon kwalba ba.

Abu ɗaya da ban gama shawo kansa ba shi ne sauyin yanayi. Wanda na haɗa don bazara, da hunturu ya shigo a watan Disamba sai ya yi tauri ya ƙi gogewa, sai na sa shi a aljihun wando ya ɗumama. Na hunturu kuwa, wanda na rage wa kaki zuwa rabin cokali, ba zai kai watan Maris ba zai fara laushi. Don haka kaɗan-kaɗan nake haɗawa, sirinji biyu ko uku, dama man kifi in ya daɗe wari yake canzawa.

Kada wani ya ɗauka na ce wannan ya fi komai kama kifi. In tarwaɗa kake nema da dare ko cikin jan ruwan damina, tana da hanjin kaza da ƙullin dusar tsohon nan sun fi shi nesa ba kusa ba. Na robar ne da rana, ga mai son ya yi ta jefawa yana ja. A daminar da ta wuce na je ruwa sau 11, sau biyu na dawo hannu rabbana, wanda bai bambanta sosai da lokacin da nake wanka da mai ba. Bambancin shi ne yanzu ina dawowa in shiga masallaci da rigar da na fita da ita.

Ga waɗanda har yanzu suke da na ruwa a kwalba kuma ba sa son zubarwa, kada a cika kwalbar, domin zafi yana kumbura abin da ke ciki ya turo shi ta murfi, abin da ya faru da ni ke nan. A goge bakin kwalbar kafin a rufe, don in mai ya shiga zaren murfi, girgizar babur kaɗai ta isa ta kwance shi. Gara ma a juye shi a kwalbar maganin ciwon ido da aka wanke, mai fitar da ɗigo ɗaya-ɗaya, ko a jiƙa auduga a ajiye a ƙaramin gwangwani a riƙa dangwala robar a kai. In ya zuba a riga, kada a fara da ruwa: a barbaɗa hoda ko garin alli ya tsotse, sannan a sa sabulun wanke kwanuka, kuma kada a yi guga sai tabon ya fita. Jan manja rana tana cinye shi in an shanya. Hannu kuwa toka da yashi tukuna, sannan sabulu, sannan lemun tsami, shi ke kashe ƙarni.

Akwai wata magana da ba zan bari ta wuce ba. Na ji wasu samari suna cewa ana ɗiga kananzir ko baƙin mai a abincin ƙugiya wai yana janyo kifi, wasu ma har suna ambaton Gamalin da fiya-fiya don a kwashi kifi da yawa lokaci guda. Wannan ba fatsa ba ce, ɓarna ce. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da guba da abin fashewa, kuma ko babu doka, ruwan nan shi 'ya'yanmu suke sha, kifin kuma a kasuwarmu za a sayar wa matanmu. Duk abin da ba za ka iya sa wa a bakinka ba, kada ka sa shi a Tagwai. Haɗin da na faɗa babu abin da ba a ci a cikinsa, har ƙaron da kakin, sai dai ba zan ce yana da daɗi ba.

Game da littafi, na sayi sabo na kwafe komai, shugaba da ma'aji suka sa hannu a kan shafukan da aka gyara. Yanzu duk ƙarshen wata ina ɗaukar hoton kowane shafi in tura wa ma'aji a WhatsApp, kuma duk wanda ya ba ni kuɗi a hannu sai ya karɓi rasit, ko da naira 200 ce. Tsohon littafin yana nan a cikin leda a saman kwaba, har yau in an buɗe ana jin tafarnuwa. Wanda yake son ganin sirinjin da idonsa, in sha Allahu zan zo da guda biyu ranar taro mai zuwa, a aljihun babur, jakar littafi kuma a kafaɗata.